"Na saba": lamarin Yayana direban kamiyo da bashin baccin da ya taru a kansa

Kalmar da Yayana ya fi yawan faɗa a 'yan shekarun nan ita ce na saba. Ka ce mai Yaya idonka fa yayi jajir, yace na saba. Adda matarsa tace Baban yara ko awa uku baka yi a kwance ba zaka sake tashi, yace ke dai bari, jiki ya riga ya saba. Shekarunsa 46, shekara 19 yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Ngawundare ta Kamaru da Njamena ta Cadi kuma duk tsawon lokacin nan ko akuya bai taɓa takewa ba, toh wa zai ja da shi? Mu ma a gida mun yarda ya saba ɗin. Da izininsa nake rubuta wannan, yace in dai ban saka sunansa ba in faɗi komai, sabida abokan aikinsa da yawa suna kan hanyar da ya biyo kuma in shi ya faɗa musu a tasha ba ji za su yi ba.

Ga wanda bai san aikin ba, jirgin ƙasan da ke tasowa daga kudu a Ngawundare yake tsayawa, nan layin dogo ya ƙare, duk kayan da za su arewa ko su tsallaka Cadi sai an ɗora wa manyan motoci. Yaya zai yi lodi a gar, wato tashar jirgin, ya gangaro falez, gangaren nan da ko tsohon direba sai yayi ta salati har ya sauka, ya bi Mbe, Gamba, Ngong ya shigo Garwa, wajen kilomita 280 kenan, ya wuce Pitowa, Figil, Marwa, sannan Mora, Waza, Dabanga inda hanya ta lalace har tafiyar wuni ɗaya tana iya cin kwana biyu, ya isa Kuseri ya bi layin duwan, wato kwastam, ya haye gadar Ngeli ya sauke. Albashin wata ba wani abin kirki bane, abin da ke riƙe gida shine yawan sawu, in ka yi sawu uku a wata kai da wanda yayi biyu ba ɗaya kuke ba a wajen mai mota. Kuma da bazara ba'a son tafiyar rana, kwalta na tafasa, taya na fashewa, inji na ɗaukan zafi, sai a jira la'asar sakaliya a kama hanya a kwana ana tafiya. In an tsaya a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota a kwanta, kunne ɗaya yana wajen tanki sabida ɓarayin gazuwal, man motar kenan, sauro na cizo, masu kilando, baburan haya, na wucewa. In ya biyo ta Garwa ya leƙo gida a Yelwa nan ma ba hutawa bane, wata na uku da na huɗu zafin garin nan yana haura 40, a ɗauke wuta fanka ta tsaya, ga yara ga 'yan gaisuwa ga masu neman taimako.

Abin bai zo da ƙarfi ba, a hankali ya shigo, shi yasa muka daɗe bamu haɗa lissafin ba. Farko mantuwa ce. Mutumin da ke riƙe lambar waya a ka, wanda zai faɗa maka kuɗin da ya kashe a kowane shinge daga Ngawundare har Kuseri ba tare da ya duba takarda ba, sai gashi ya bar takardun kaya a wajen mai shayi a Figil sai da suka kusa Marwa ya tuna. Ya ba Adda kuɗin cefane da safe, da yamma ya sake miƙo mata, ko kuma ya rantse ya bayar alhali bai bayar ba. A salla ya tsaya yana tunanin raka'a ta nawa yake. Sai kuma faɗa. Yaya mutum ne mai sanyi, a gidanmu shi ake kira in za'a yi sulhu, amma ranar da autansa ɗan shekara shida ya zubar da butar alwala ya wanke yaron da marin da har Inna ta fito daga ɗaki ba ɗankwali. Bayan nan ya zauna a dakali ya haɗa kai da gwiwa, na same shi idonsa da ƙwalla, yace min wallahi ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Wannan maganar ta daɗe tana damuna.

Akwai kuma ciwon kai na safe, da yadda ana cikin hira zaka ga kansa ya faɗi gaba ya ɗago ya ci gaba da magana kaman ba abin da ya faru, in ka ce Yaya gyangyaɗi kake yace wane ni, ina jinku. Sai abin da ya rikita gidan gaba ɗaya: wani dare kusa da Waza ya taka birki da ƙarfi har kaya suka motsa a baya, yace garken fararen shanu ne suka cika hanya. Yaron motarsa ya sauka da tocila ya duba, ko kashin saniya babu. Bayan sati biyu ya sake ganin wata mata da farin mayafi tsaye a tsakiyar kwalta.

Kun san yadda za'a fassara wannan a gidan Bahaushe. Inna tace sammu ne, an ga yaron nan ya gina ɗaki biyu ya sa 'ya'yansa a lekol, makarantar boko, mai kyau, an sa shi gaba. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne na dajin Waza. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiya, aka yi sadaka. Ni ban raina ko ɗaya ba, addu'a bata taɓa cutar da kowa ba kuma nima na ɗaga hannu na roƙa masa, abin da ke min ciwo kawai shine wata huɗu muka yi a haka babu wanda ya tambaye shi awa nawa yake bacci, har da ni da na yi karatu a jami'ar Ngawundare da ke Dang nake ganin kaina ɗan boko.

Sai azumi ya faɗo cikin watan Maris, tsakiyar zafi. Yanzu ɗan baccin da yake samu ma ya tsinke gida-gida, a sha ruwa a kama hanya, a tsaya sahur, da rana ba shayi ba goro kuma zafi ya hana kwanciya. Ranar da abin ya faru sun taso daga Ngawundare da dare, sun yi sahur a Mbe, wajen ƙarfe biyar saura na asuba sun wuce Gamba motar ta fara cin gefen hanya a hankali. Yaron motar, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ga bishiya tana tahowa ya ƙwalla ihu Maigida! Maigida! ya kai hannu ya fizgi sitiyari. Motar ta sauka daga kwalta, tayar gaba ta fashe, suka tsaya a cikin ciyawa ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Yaron yace min abin da ya fi tsorata shi ba bishiyar bace, idon Yaya ne, a buɗe yake tar yana kallon gaba hannunsa biyu a kan sitiyari amma babu kowa a ciki. Shi kuwa Yaya har yau yana rantsuwa shi idonsa biyu, sai dai da na tambaye shi me ya gani tun daga fitowarsu Gamba bai iya tuna komai ba, ko ƙauye ɗaya.

Nan ne na sa ƙafa na ce sai mun je asibiti, ya yarda ne kawai don yana tsoron wani abu ne ya fito masa a ƙwaƙwalwa. Doktan da muka samu matashi ne, ya auna tansiyon, wato hawan jini, ya samu 17/10 (170/100 kenan), ya rubuta a karne, littafin asibiti, ya duba idonsa da ƙarfin hannuwansa da tafiyarsa, ya sa aka gwada jini don suga da maleriya. Sannan ya aje biro yace Alhaji, ina so ka ba ni labarin jiya daga lokacin da ka farka har lokacin da ka kwanta, awa bayan awa. Yaya ya fara, dokta yace shekaranjiya fa, ya ci gaba, har suka yi sati guda a baya. Ina zaune ina ji jikina yayi sanyi, don babu rana ɗaya a ciki da ya haɗa awa biyar. Yace me kake sha don kada ka yi bacci? Yaya yace shayi kawai. Dokta yayi shiru yana kallonsa, sai ya ƙara da Nescafé leda uku ko huɗu a dare, da goro, sannan ya sunkuyar da kai yace wani lokaci tramol, shekara biyu kenan, wani abokin aiki ne ya fara ba shi a Kuseri don ciwon baya sai ya ga yana hana shi jin gajiya. Ban taɓa sani ba. Adda ma bata sani ba.

Dokta ya juya wajen Adda yace Hajiya, in ya kwanta yana minshari? Tace minsharin da ake ji har zaure, kuma akwai abin da bata taɓa faɗa wa kowa ba, yana cikin minsharin sai yayi ɗif, numfashi ya tsaya, ta yi ta ƙirge a ranta har ta kai hannu zata taɓa shi sai ya fizgo numfashi kaman wanda aka shaƙe, ya juya ya ci gaba, kuma haka ake yi har asuba. Ita ta ɗauka gajiya ce. Dokta yace mu sayi kaye, littafin rubutu, na ɗari biyu, sati biyu a rubuta duk lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi da duk abin da ya sha, a hanya yaron mota ya rubuta, a gida Adda. Da muka dawo na tara na raba, ya kama awa huɗu da 'yan mintoci a rana, kuma ba a haɗe ba, awa ɗaya da rabi nan, awa biyu can. Abin da likitocin bacci suka tsaya a kai shine baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye a kowane dare.

Abin da dokta ya faɗa mana a taƙaice ne don akwai layi a waje, amma ya buɗe min ƙofa, na yi watanni ina bin abin ina karantawa, kuma duk abin da na karanta sai in ga Yaya a ciki.

Na fara da na saba ɗin nan, don ita ce tushen komai. A 2003 a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, Hans Van Dongen da David Dinges da abokan aikinsu sun ɗauki mutum 48 masu lafiya, wasu aka bar su awa 8 a gado, wasu 6, wasu 4, har kwana 14, sauran kuma aka hana su bacci sam kwana uku, kullum ana gwada saurin hankalinsu da yadda suke lura. Masu awa 6 da masu awa 4 kullum ƙara lalacewa suke, ba wata rana da abin ya tsaya, har a ƙarshen sati biyun suka koma daidai da wanda yayi dare ɗaya zuwa biyu bai rintsa ba sam. Amma da aka tambaye su yaya kuke ji, sai suka ce ɗan bacci kaɗan ne kawai, jin baccin ya tsaya a wuri ɗaya alhali aikin ƙwaƙwalwar yana ta gangarawa. Wato abin da ya saba ɗin jin gajiyar ne, ƙwaƙwalwa ita bata saba ba, kuma ɓangaren da ya kamata ya gaya maka ka lalace shi ma yana cikin abin da ya lalace. Shi yasa Yaya ba ƙarya yake ba in yace lafiyarsa lau, iyakar gaskiyarsa kenan, ma'aunin ne ya karye. Kuma waɗancan kwana 14 kawai suka yi, shi shekaru.

Idon nan da yaron mota ya gani a buɗe kuwa, akwai wani ɗan guntun bacci na daƙiƙa biyu, uku, har goma, da ƙwaƙwalwa ke sata da kanta ba tare da ta nemi izininka ba, wani lokaci ido a buɗe, kuma mai shi yawanci baya sanin ya yi. Dama Hausawa sun ce bacci ɓarawo ne. Ka lissafa: mota tana gudun kilomita 60 a awa, cikin daƙiƙa huɗu ta ci kusan mita 70, kamiyo da lodin siminti ko shinkafa tana tafiya mita 70 ba direba. Sannan lokacin da abin ya faru ma ba banza ba, tsakanin ƙarfe biyu na dare zuwa shida na safe agogon jikin ɗan Adam yake kaiwa ƙasa, zafin jiki ya sauka, hankali ya dushe, ko ka yi bacci da rana sai ka ji jan lokacin. Wani bincike da Drew Dawson da Kathryn Reid suka fitar a Ostiraliya a 1997 shi ya fi girgiza Yaya da na faɗa masa: wanda yayi awa 17 ido biyu, hannunsa da idonsa suna aiki kaman na wanda giya ta kai 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda a Faransa nan ne iyakar da doka ta sa wa mai tuƙi, in ya kai awa 24 kuma kaman 0.10. Mutumin da bai taɓa kai giya bakinsa ba, yayi shiru ya daɗe sannan yace kenan shekara nawa ina tuƙi a buge.

Shayi da Nescafé da goro duk abu ɗaya ne a cikinsu, kafeyin. Tun daga lokacin da ka farka wani sinadari da ake kira adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa shine nauyin baccin da kake ji, kuma bacci ne kawai ke kwashe shi. Kafeyin baya kwashewa, zuwa yake ya zauna a mazaunin adenosin ɗin ya toshe, sai ka daina jin kiran amma bashin yana nan yana ƙaruwa, kaman wanda ya kashe waya don kada mai bin sa kuɗi ya same shi. Kuma yana daɗewa a jiki, bayan awa biyar ko makamancin haka rabinsa yana nan, toh wanda ya sha leda biyu ƙarfe uku na dare ya kwanta ƙarfe bakwai na safe, ko baccin ya zo ba mai nauyi bane. Tramol kuwa nasa ya fi muni, dangin su mofin ne, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, yana kama mutum, yana rage ƙarfin numfashi a cikin bacci, kuma yana iya jawo farfaɗiya musamman in an sha da yawa, rashin bacci shi ma yana jawo ta, ka ga an haɗa wuta da fetur. Dokta ya ja kunnenmu sosai kada ya yanke shi rana ɗaya, shi ya tsara masa yadda zai rage a hankali.

Marin da yaron nan ya sha ma na samu bayaninsa, ko da yake bayani baya goge mari. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka sun hana mutane bacci wajen awa 35 suka nuna musu hotuna masu tada hankali suna ɗaukan hoton ƙwaƙwalwarsu. Wani ɗan ɓangare da ake kira amigdala, mai kula da tsoro da fushi, ya harzuƙa fiye da na waɗanda suka yi bacci da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma igiyar da ke tsakaninsa da gaban ƙwaƙwalwa, wajen goshi, inda ake auna abu kafin a aikata, ta yi sako-sako. Doki ne aka cire wa linzami. A shekarar dai suka nuna wanda bai yi bacci ba ikonsa na riƙe sabon abu yana raguwa, sabida ma'ajiyar da ke karɓan sabon abu, hipokampus, bata aiki yadda ya kamata, kuma a cikin bacci mai nauyi ne ake kwashe abin da aka tara da rana a kai shi ma'ajiya ta dindindin. Takardun Figil da kuɗin cefane kenan. Fararen shanun Waza ma ba sabon abu bane a wajen masana, gane-gane yana cikin sanannun alamun rashin bacci mai tsanani, wani saurayi ɗan shekara 17 a San Diyego, Randy Gardner, da ya yi kwana 11 bai yi bacci ba ya gama a farkon 1964, kafin ya kai ƙarshe ya fara gane-gane da ruɗewa da mantuwa, da ya samu bacci kuma abin ya lafa.

Wanda ya hana ni nawa baccin shine na gaba, abin da ke zuwa bayan shekaru. A 2013 su Maiken Nedergaard a Jami'ar Rochester sun nuna a jikin ɓeraye cewa in ana bacci sararin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yana buɗewa da kusan kashi 60, ruwan ƙwaƙwalwa ya ratsa ya wanke dattin da aikin rana ya bari, ciki har da wani furotin, beta-amiloyid, wanda ke taruwa a kan masu cutar Alzheimer, babbar cikin cututtukan da mu muke haɗawa mu ce gigin tsufa. Masana suna ta muhawara kan yadda wankin yake, a 2024 wasu a Landan sun fito da sakamakon da ya saɓa, amma a jikin mutum ma a 2018 an gwada mutum 20 a Amurka aka ga dare ɗaya tak ba bacci ya ƙara furotin ɗin da kusan kashi 5 a wasu sassan ƙwaƙwalwa. Sai na 2021 da Séverine Sabia ta cibiyar Inserm a Faransa ta jagoranta, an bi ma'aikatan gwamnatin Ingila kusan 8,000 wajen shekara 25, waɗanda suka dawwama a kan awa 6 ko ƙasa da haka a shekara 50 da 60 da 70 haɗarin kamuwa da gigin tsufa ya fi na masu awa 7 da kashi 30. Wannan ba yana nufin duk mai gajeren bacci sai ya kamu ba, alaƙa aka gani, amma Yaya saura shekara huɗu ya cika 50 kuma shi ko awa 6 ɗin baya samu.

Minsharin nan da tsayawar numfashi dokta yace yana zargin wata cuta ce da maƙogwaro ke rufewa in mutum yayi bacci, iska ta yanke daƙiƙa goma ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tada mutum ya ja numfashi ya koma, shi bai san ya farka ba, kuma a wasu hakan na faruwa sau talatin ko fiye a awa ɗaya. Ta fi kama maza masu ƙiba da kaurin wuya, Yaya kuwa zaman mota da tuwon dare da shayi mai suga sun sa ya aje tumbi. Tana da hannu a hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, ita ke kawo ciwon kan safe, kuma tana nufin ko awa huɗun da muka ƙirga a kaye ba cikakku bane. Tabbatar da ita sai an kwana da na'ura a jiki, yace ya fi sauƙi mu neme shi a Yawunde.

Shawo kan Inna ya fi shawo kan Yaya wuya. Ita a wajenta cewa bacci ne kawai kaman raina abin ne, ɗanta na ganin mata a tsakiyar daji a ce wai bacci. Limamin unguwarmu ne ya taimaka, ya zo duba Yaya na ba shi labari a zaure, sai ya shiga ya gaishe ta yace Hajiya a ci gaba da addu'a, amma ai hadisi ne ingantacce daga Nana A'isha, Manzon Allah (SAW) yace wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya je ya kwanta har baccin ya sake shi, don bai sani ba ko ya tashi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Yace toh in salla aka ce a dakata sabida bacci, ina ga jan mota mai taya goma sha takwas. Daga ranar Inna da kanta take zama a bakin ƙofa tana korar yara da 'yan gaisuwa in ya kwanta.

Abin da aka yi ba wani abin mamaki bane, wahalarsa a kuɗi take. Ya yi wata ɗaya cur bai hau mota ba, mai motar bai ji daɗi ba ya ba wani, ni da ƙanwarmu muka riƙe gidan. Satin farko yana kai awa goma sha ɗaya a kwance ya tashi yana cewa jikinsa kaman an yi masa duka, ga raɗaɗin rage tramol, zufa, ciwon gaɓoɓi, ƙunci, sai da aka yi wajen sati uku kafin fuskarsa ta fara dawowa. An sa shi a maganin tansiyon. Adda ta ɗinka masa aljihu a bayan wata tsohuwar riga ta cusa ƙwallon yara a ciki don kada ya juya rigingine, minsharin ya ragu in yana kwance ta gefe amma bai tafi ba. Na saya masa ƙaramar fanka mai caji da gidan sauro na tafiya. Da ya koma aiki ya samu wata motar da ke tsayawa a Marwa, kuɗin bai kai na Njamena ba ko kusa, kuma ya ɗaura wa kansa sharuɗɗa: baya tuƙi daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa bayan asuba, ba Nescafé bayan la'asar, in ya yi hamma sau biyu a jere ko ya ga bai tuna ƙauyen da ya wuce ba ya faka yayi ƙailula ta minti 20, kuma ya ba yaron mota izini in ya ga idonsa ya canza ya faɗa masa kai tsaye ba jin nauyi. Na ƙarshen nan shi ya fi masa wuya, babba da shi yaro yace masa Maigida faka, amma ya gane shi ba zai iya auna kansa ba.

Yanzu wata bakwai kenan. Shanu da mai farin mayafi basu sake fitowa ba ko sau ɗaya. Faɗan ya tafi, autan ya dawo yana hawa cinyarsa, tansiyon ya sauko 14/9. Mantuwar ce bata gama sakinsa ba, ya fi da nesa ba kusa ba amma har yanzu yana rubuta kuɗin shinge a kaye, abin da da yake yi a ka, kuma na ga hakan yana taɓa masa zuciya ko da baya faɗa. Abokan aikinsa wasu na ce masa ya zama rago, biyu daga cikinsu kuma sun same shi a ɓoye suna tambayar wane dokta ne. Yawunde bamu je ba tukun, kuɗin jirgi da masauki da gwajin muke tarawa, Adda ta shiga adashi sabida shi, kwasarta sai wata mai zuwa. Tace har yanzu wasu dararen tana farkawa ta ji yayi ɗif, sai ta tura shi ya koma kan gefensa, ta jira ta ji numfashin ya daidaita sannan ta kwanta.